Kwalejin Amurka na Son Ɗana Saboda Tanis: In Sayar da Filin Marayu?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai 'ya'ya huɗu a Kaduna, mahaifinsu Allah ya yi masa rasuwa. Babbansu shekararsa 17, yana ajin ƙarshe na sakandare. Tun yana ƙarami yake zuwa filin tanis yana tsinto wa manya ƙwallo, har ya iya wasan, yanzu yana ciyo kofi a gasar yara. Kocinsa ya ɗauki bidiyonsa ya aika wa makarantu a Amurka, sai kocin wata ƙaramar kwaleji ya amsa cewa yana son sa, ya ce makarantarsu tana rukuni na uku na NCAA. Wani mutum da ya ce harkarsa ke nan ya nemi in kawo naira miliyan uku, zai kammala mana sikolashif na wasa, ba za mu biya ko sisi a can ba. Ba ni da wannan kuɗi sai in na sayar da filin da mahaifinsu ya bari. Baffansa ya ce shiririta ce. Kocinsa ya ce dama ce da ba ta dawowa. Na tambayi mutane har na gaji, kowa da tasa. Shi kuma yaron ko barci ba ya iyawa. Wa zan saurara?

Uwa mai neman mafita, Kaduna

Amsa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan maigidan, ya raya abin da ya bari.

Kada ki sayar da filin nan, kada kuma ki ba mutumin nan kuɗi. Ba don ina ganin maganar tanis ɗin shiririta ce ba. Dalilina shi ne abin da ya ce zai sayar miki babu shi. A cikin wasiƙarki akwai maganganu biyu da ba sa zama inuwa ɗaya: "rukuni na uku" da "sikolashif na wasa". Hukumar NCAA, wadda ke kula da wasannin manyan makarantu a Amurka, ta raba makarantunta gida uku tun 1973, kuma abin da ya bambanta rukuni na uku da sauran biyun shi ne an haramta masa ba ɗalibi tallafin karatu saboda wasa. Makarantu sama da 400 ne a rukunin, shi ne mafi yawa a cikin ukun, kuma babu ɗaya a cikinsu da ke da ikon rage wa yaro ko dala ɗaya don ya iya riƙe raket. To ko dai mutumin nan bai san harkar da ya ce tasa ce ba, ko kuwa ya sani ya zaɓi ya yi miki shiru. Ko wanne ne, bai cancanci filin marayu ba.

Wannan ba yana nufin ƙofa ta rufe ba. Mafi yawan 'yan wasan rukuni na uku suna samun tallafi, amma ta wasu hanyoyi biyu: ko saboda kyawun sakamakon jarrabawarsu, ko saboda makaranta ta duba ƙarfin iyalinsu ta ga ba za su iya biya ba. Ofishin tallafin kuɗi ne ke yanke wannan, ba koci ba. Abin da koci zai iya yi shi ne ya je ofishin ɗaukar ɗalibai ya ce "wannan yaro ina son sa", kuma wannan kalma tana da nauyi a makarantun da ake rububin shiga. Raket ɗin yaronki zai iya sa a duba takardunsa da idon rahama. Amma abin da zai biya kuɗin makarantar shi ne abin da ke cikin takardun: sakamakon WAEC ko NECO, rahoton makaranta na aji huɗu zuwa shida, wasiƙun malamansa, da maƙalar da zai rubuta da hannunsa. Idan yaro yana son tafiyar nan da gaske, littafinsa ya fi buƙatar awanninsa a watannin da suka rage fiye da filin wasa. Ki faɗa masa haka, ki kuma faɗa wa kocinsa na nan.

Kuɗin da ake magana ba ƙarami ba ne. A fitattun ƙananan kwalejoji masu zaman kansu, kuɗin karatu da ɗaki da abinci ya haura dala 80,000 a shekara. Ko an yafe wa yaro rabi, ragowar ta fi kuɗin filinki nesa ba kusa ba, kuma shekara huɗu za a yi ana biya. A nan ne iyalai da yawa ke faɗawa rami: a gaya musu "an ba shi tallafin dala 30,000", su yi ta murna, ba su tambayi nawa ya rage ba. Adadin da aka yafe ba shi ne abin dubawa ba, abin da ya rage a wuyanki shi ne magana. Akwai makarantu ƙalilan a wannan rukuni, irin su Amherst da Bowdoin da MIT, da ba sa duba talaucin ɗalibin ƙasar waje wajen ɗaukarsa, in kuma sun ɗauke shi sai su cike masa duk abin da iyalinsa suka gaza. Shigarsu fa da wuya ƙwarai, sai yaron da takardunsa suka yi fice. Mafi yawan sauran suna duba aljihun ɗalibin waje kafin su ce masa zo. Saboda haka tambayar farko da za a aika wa makarantar nan ita ce a wane ɓangare take.

Kin ce kin tambayi mutane har kin gaji. Na yarda, amma ki duba waɗanda kika tambaya. Baffansa bai taɓa ganin yadda ake wasa a kwalejin Amurka ba, tsoro yake ji wa ɗan ɗan'uwansa, kuma yana da haƙƙin hakan. Kocinsa na nan ya sha wahala a kan yaron, burinsa ya ga ya ƙetare, amma ba shi zai biya ragowar ba. Mutumin miliyan uku kuwa cinsa yana cikin amincewarki. Yawan bakunan da kika ji bai ƙara miki sani ba domin babu ko ɗaya a cikinsu da ya fito daga inda abin yake. Ki ɗauki lamarin kamar binciken aure: ba abokin ango ake tambaya halin ango ba, unguwarsu ake shiga a ji daga maƙwabta, musamman waɗanda suka taɓa samun saɓani da shi.

Maƙwabtan makarantar nan ana iya samun su, kuma ba a biyan ko kwabo. Kowace kwaleji tana da shafin wasanninta a intanet, inda take jera sunayen 'yan tanis ɗinta da garuruwan da suka fito, har da na shekarun baya. Yaron ya zauna da kocinsa su duba jerin shekara uku ko huɗu a jere. 'Yan ƙasar waje nawa ne a ciki? Su wa suka shiga a shekarar farko amma ba a ga sunansu a ta biyu ba? Waɗannan da suka ɓace su na fi so ku nema, domin wanda ya bar ƙungiya ya fi kyaftin ɗinta faɗin gaskiya. Koci zai haɗa ku da yaran da suka fi son sa, wannan ɗabi'ar kowa ce. Ku karɓa ku gode, sannan ku nemo wasu da kanku: wanda ba a cika sa shi a wasa ba, wanda ya ji rauni, wanda ya kammala ya tafi, in da hali ɗan Afirka ko Musulmi.

Kuma in kun same su, kada ku tambaye su "makarantar tana da kyau?" Kowa zai ce tana da kyau, ku tashi ba ku ƙaru da komai ba. Ku yi tambayar da ba a amsa ta da eh ko a'a. Abin da ka biya a shekara ta biyu daidai yake da na farko, ko ya ƙaru? Ina kake kwana idan aka rufe ɗakunan ɗalibai a hutun Disamba? Da jarrabawa ta haɗu da tafiyar wasa, me koci ya ce maka? Wa ke sayen takalmi da tsirkiyar raket? Abokan da kuka gama tare, me suke yi yanzu? Yaron ya rubuta amsar kowa a littafi ɗaya, tambaya iri ɗaya ga mutum huɗu ko biyar. Ƙorafin mutum ɗaya zai iya zama nasa ne shi kaɗai. Abin da uku suka faɗa ba tare da sun san juna ba, shi ne halin wurin. Wanda kuma ya ƙi amsawa, ko ya yi ta kewaye-kewaye a kan tambayar kuɗi, shi ma ya gaya muku wani abu.

Akwai abin da uwa kaɗai za ta tuna ta tambaya. Yawancin waɗannan kwalejoji a ƙananan garuruwa suke, wasu a jihohi masu tsananin sanyi kamar Minnesota da Michigan da Maine, inda ake shafe watanni ana wasa a rufaffen ɗaki saboda dusar ƙanƙara. Akwai masallacin Juma'a kusa, ko ƙungiyar ɗalibai Musulmi a makarantar? Ɗakin cin abinci yana da naman halal? Babbar kakar tanis ta kwaleji tana kankama ne daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, kuma a 'yan shekarun nan azumin Ramadan a farkon wannan lokaci yake faɗowa. A tambayi kocin kai tsaye yadda zai yi da yaro mai azumi a ranar atisaye da ranar wasa. Yadda ya amsa zai nuna muku irin mutumin da za ki damƙa wa ɗanki.

Shi kansa kocin a tantance shi. Saƙonsa ya zo ta adireshin makaranta mai ƙarewa da .edu? Sunansa yana shafin makarantar? A yi magana da shi ta bidiyo, ke ma kina zaune. A roƙe shi ya kai takardun yaron ofishin ɗaukar ɗalibai da na tallafi su yi musu duban farko, su faɗi kimanin abin da za a biya. Makarantu da yawa suna yin haka ga yaran da koci yake nema. A kuma tambaye shi a wane matsayi yake ganin yaron a ƙungiya. Idan makarantu biyu suka kara, wasanni shida ake yi na ɗaiɗai da uku na bibbiyu, saboda haka wanda yake na tara ko na goma a ƙungiya zai iya shekara yana kallo daga benci. Kociyoyin can suna auna yara da wani sikeli da ake kira UTR, daga 1 zuwa 16.5, wanda ake lissafa shi daga sakamakon wasannin da aka yi rajistarsu. Matsalar yaranmu ita ce da yawa daga wasanninsu ba sa shiga wannan lissafi, sai su zo babu lamba ko da lambar da ba ta kai ƙarfinsu ba. Kocinsa na nan zai fi yi masa amfani in ya sa shi a gasannin da ake shigar da sakamakonsu, ya kuma ɗauki bidiyon cikakken wasa da abokin karawa mai ƙarfi, ba gutsattsarin bugun da ya yi kyau kaɗai ba.

Ita ma makarantar a duba lafiyarta. Ƙananan kwalejoji masu zaman kansu suna rufewa a Amurka saboda ƙarancin ɗalibai da bashi. Birmingham-Southern da ke jihar Alabama, wadda 'yar rukuni na uku ce mai tarihin fiye da shekara 160, ta rufe a ƙarshen Mayun 2024 alhali 'yan wasanta suna tsakiyar gasa. Ɗan ƙasa in haka ta same shi gida zai koma ya sake lale. Baƙon da bizarsa ke rataye da makarantar, nasa tashin hankalin daban ne.

Ban faɗi duk wannan don in rage darajar rukuni na uku ba. Ni kam, in kuɗin ya yi daidai, na fi son sa ga maraya irin naki a kan sauran. Tunda tallafin ba na wasa ba ne, ba ya tafiya in wasa ya tafi. Yaro ya karye, ko ya saɓa da koci, ko ya ga karatun injiniya ya yi masa nauyi ya ajiye raket, kuɗinsa yana nan muddin yana cin jarrabawa. A inda ake ba da sikolashif na wasa kuwa, galibi shekara-shekara ake sabunta shi, kuma koci yana da babban hannu a ciki. Wasan da ake yi a saman rukunin ma ba na raini ba ne. Makarantu irin su Emory da Williams da Middlebury da Jami'ar Chicago suna da ƙungiyoyi masu ƙarfi ƙwarai. Matan Williams sun ɗauki kofin ƙasa sau shida a jere daga 2008 zuwa 2013, kuma ƙaramar kwalejin Kalamazoo a Michigan ita ke karɓar baƙuncin gasar samarin Amurka ta ƙasa tun 1943.

Sai dai a gaya wa yaron gaskiya game da mafarkinsa. In yana ganin daga can Wimbledon zai wuce, to ya sani wannan hanya ba kasafai take kaiwa can ba. Ana yawan kawo misalin Eric Butorac, wanda ya yi wasa a kwalejin Gustavus Adolphus ta Minnesota, daga baya ya kai wasan ƙarshe na bibbiyu a gasar Ostireliya ta 2014. Ana yawan kawo shi ne saboda irinsa ba su da yawa. Namu da suka yi suna ta hanyar makarantun Amurka, kamar Nduka Odizor da ya yi Jami'ar Houston ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, da Tony Mmoh da ya yi kwalejin St. Augustine's a North Carolina, ba ta rukuni na uku suka bi ba. Wanda ya shiga rukuni na uku digiri ya je nema, tanis kuwa abokin tafiya ne. In yaron ya karɓi wannan da zuciya ɗaya, madalla. In kuma wasan ne a gabansa, sai a nemi inda ake biyan wasa: rukuni na biyu na NCAA, inda ƙungiyar maza ke da kwatankwacin sikolashif huɗu da rabi a raba wa duka 'yan wasanta, ko makarantun NAIA, wata hukumar wasannin kwalejoji dabam da NCAA, ko kwalejojin shekara biyu, irin Tyler ta Texas da ta yi suna a tanis, waɗanda kuɗinsu ya fi sauƙi, daga nan yaro ya wuce jami'a. Ki lura da wannan huɗu da rabin: ko a inda ake bayarwa, cikakken tallafi ga namiji abu ne mai wuyar samu. Saƙo ɗaya da ya zo kada ya sa ku daina ƙwanƙwasa wasu ƙofofin.

Duk aikin da mutumin nan ya ce zai yi da miliyan uku, akwai masu nuna yadda ake yin sa kyauta. Ofishin jakadancin Amurka yana da sashen ba ɗalibai shawara mai suna EducationUSA, a Abuja da Legas. Ku tuntuɓe su. Su za su nuna wa yaro yadda ake cike takardar neman gurbi, da takardar bayyana ƙarfin iyali, da jarrabawar da wannan makaranta ke nema, domin wasu suna neman SAT, jarrabawar shiga jami'o'in Amurka, wasu ba sa nema. Su ne kuma za ku tambaya halin da biza take ciki. Wannan ki riƙe shi da kyau: dokokin bizar Amurka ga 'yan Najeriya sun tsananta sosai a 2025, kuma suna canzawa. Makaranta tana iya ɗaukar yaro, ta aiko masa da takardar I-20 da ake neman bizar karatu da ita, amma ba ita ke ba da biza ba, ba kuma wani dillali ba. Kafin a kashe kuɗin da ba ya dawowa, a fara jin ko ana ba ɗalibai biza a yanzu, daga bakin ofishin da ke bayarwa. Ko an samu, ɗalibi mai bizar karatu awa 20 kawai aka yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu, a cikin makaranta. Wannan kuɗin sabulu ne da katin waya, kada wani ya ce miki da shi yaro zai biya makaranta.

Maganar filin kuma, Hajiya, ba na babbansu ba ne shi kaɗai. Ƙannensa uku suna da rabo a ciki, ke ma kina da naki, kuma dukiyar maraya amana ce da ba a yin cinikin biri a sama da ita. Ko da an zo gaɓar da takarda ta fito, biza ta samu, abin da ya rage kuɗin jirgi ne da kayan sanyi, ba ke kaɗai za ki yanke ba. A zauna da baffansu da wani malami da ya san rabon gado, a fitar da kason kowa, in za a taɓa a taɓa na mai tafiyar da yardarsa. Shi ya sa nake so ki jawo baffan nan ciki tun yanzu. Kada ki yi gardama da shi a kan ko shiririta ce. Ki ce masa, "Baffa, ga abin da aka ce, ina so ka zauna a ji daga bakin kocin nan tare da kai." Mutumin da aka ba girmansa a farkon magana ba ya zama mai tare hanya a ƙarshenta, kuma mai shakka yakan yi tambayar da mai ɗoki ya manta.

Yaron kuma ya rubuta JAMB kamar kowa. Jami'o'inmu suna da gasarsu ta NUGA, akwai tanis a ciki, ga kuma gasanni irin Dala Hard Court ta Kano da ta CBN da manyan 'yan wasan ƙasar nan ke bugawa. In tafiyar ba ta yiwu bana ba, raket ɗinsa bai mutu ba. Abu ɗaya dai a kiyaye: in zai jinkirta shiga makaranta don ya sake nema baɗi, a tambayi dokar jinkiri tukuna, domin a rukuni na ɗaya wata shida kacal ake ba ɗan tanis bayan gama sakandare, in ya ci gaba da buga gasa bayan haka sai a fara zaftare masa shekarun wasa.

Rashin barcinsa ba zai warke da lallashi ba, aiki za ki ba shi. A daren nan ya rubuta wa kocin can saƙo da kansa, ya gode masa, ya tambaye shi abu uku: ko makarantar tana cike wa ɗalibin ƙasar waje duk abin da iyalinsa suka gaza, yaushe ne ranar ƙarshe ta miƙa takardu, da kuma nawa iyali irin naku za su biya a kowace shekara cikin huɗun, a rubuce, daga ofishin tallafi. Mutumin miliyan uku kuwa in ya sake kira, ki ce masa ya turo sunan sikolashif ɗin da wasiƙar makarantar da ta ba da shi, za ki kai EducationUSA su duba.